Yadda ake fatsa da ƙaramin jatan lande na roba a tabkunan Damagaram

Duk wanda ya saba ɗaura ƙatuwar dalma da tana ya wurga ya zauna jira, ranar da ya fara riƙe wannan kaya zai ga kamar wasan yara ne: ƴar roba da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, dalma kamar ƙwayar gujiya, zare kamar gashi. Amma a ruwan da masunta suka dama da birgi da taru har kifi ya yi wayo, sau da yawa ƙaramin abu mai tafiya a hankali shi kifin ke yarda ya ɗauka. Sirrin sana'ar biyu ne, rashin nauyi da rashin gaggawa, kuma duk abin da ke ƙasa bayani ne a kan waɗannan biyun.

Robar an yi ta ne da siffar wata halitta ta ruwan daɗi mai kama da jatan lande, wadda ake kira kirafish da Turanci, sai dai tana da manyan hannuwa biyu masu matsewa irin na ƙaguwa. A Amurka aka ƙirƙiro salon, don kama kifin da suke kira bas, kuma fitaccen ɗaurinsa ana kiransa da sunan Ned Kehde, wani mai fatsa kuma marubuci daga jihar Kansas. Ita wannan halitta ba ƴar ƙasa ba ce a ruwayen Afirka ta Yamma. Abin da ake sayarwa a kasuwa da sunan kirafish don miya busasshen jatan landen bakin teku ne. Saboda haka tarwaɗar Gidimuni ba ta taɓa ganin mai irin wannan siffa ba. Wannan bai hana ta cizo, domin kifi ba ya tambayar suna. Abin da yake gani shi ne ƙaramin abu mai rai yana jan ciki a ƙasan ruwa kamar ƙwaro ko ɗan tsako na kwaɗo, ya tsaya, ya ɗaga hannuwa. Kada kuma wani ya yi dabarar shigo da masu ran ya zuba a tabki: irin na jihar Luwiziyana da aka kai tabkin Naibasha na Kenya da kogin Nilu a Masar ya yaɗu ya gagari kowa, yana haƙa ramuka a gaɓa da madatsai.

A faɗi gaskiya tun farko: wannan ba hanyar cika kwando a kai kasuwar Dole ba ce. Mai neman na cefane da yawa, raga da mamari sun fi masa. Wannan ta mai son kamun ɗaiɗai ce, babbar karfasa, tarwaɗa, ragon ruwa, da matashin giwan ruwa a inda aka zuba shi.

Kayan aiki

Sanda mai tsawon mita 2 zuwa 2.1, marar nauyi, mai laushin kai amma da ɗan ƙarfi a gindi. Idan kan sandar ya yi tauri ba za ta iya wurga giram 2 ba, kuma za ta riƙa fizge ƙugiya daga bakin kifi. Injin naɗi ƙarami, mai lamba 1000 zuwa 2500.

Zare iri biyu ake haɗawa. Na cikin inji tufkakken zare ne mai ɗaukar kilo 3 zuwa 4.5, ba ya miƙewa, don haka ko kifi ya shinshina robar za ka ji a hannunka. A bakinsa ana ƙulla zaren gaba na fulorokabon, tsawon mita 1 zuwa 1.5, kauri milimita 0.20 zuwa 0.25, saboda ba ya fitowa sosai a ido cikin ruwa kuma yana jure gogar dutse da itace. Wanda bai samu waɗannan ba ya cika injinsa da lailon mai laushi na milimita 0.20 ko 0.22, ya yi aiki da shi haka nan. Zai rasa wasu cizon, amma zai kama kifi. Abin da ba ya yiwuwa shi ne lailon mai kauri irin na mamari, don shi yake rinjayar ƴar dalmar, ya hana ta nutsewa.

Ƙugiyar tana zuwa da dalma manne a kanta, mai faɗin goshi kamar hular laima. Kayan galibi oda ake yi ta intanet ko a ba matafiya saƙo, kuma awon da ke jikin ledar na Amurka ne, to ga fassararsa: 1/20 na oza giram 1.4 ne, 1/16 giram 1.8, 1/10 giram 2.8, 1/8 giram 3.5. Roba mai inci 2.5 ta ɗan haura santimita 6. Zaren da aka rubuta wa fam 6 yana ɗaukar kilo 2.7, mai fam 8 kuma kilo 3.6. Girman ƙugiya lamba 1 ko 2 don tarwaɗa da giwan ruwa, lamba 4 ko 6 don karfasa, wadda bakinta ƙarami ne. Ka tuna a lissafin ƙugiya, lamba na hawa ƙugiya na ƙanƙancewa.

Ita kanta robar iri biyu ce, kuma bambancin yana da muhimmanci. Akwai ta gama-gari, mai nutsewa, mai saurin yagewa. Akwai kuma mai talewa kamar danƙo wadda ke tasowa saman ruwa, irin wadda kamfanin Z-Man ke yi da sunan ElaZtech. Ta biyun ita ta fi dacewa da wannan aiki: dalma na zaune a ƙasa, jikin robar na tsaye, hannuwan na lilo ko da ba ka motsa komai ba. Ɗaya tak tana iya kama kifi da yawa kafin ta mutu. Launi uku sun isa: kore mai duhu da ya karkata zuwa ruwan ƙasa, baƙi mai ratsin shuɗi, da ja mai duhu irin na goro.

Haɗa kaya

Kafin ka naɗa tufkakken zare, fara naɗa mita 5 zuwa 10 na lailon a ƙwarƙwaron inji, ka ƙulla tufkakken a kansa. In ba haka ba zaren gaba ɗaya zai riƙa sulɓewa a jikin ƙarfen, ka ga kana juya hannu kifi na tafiyarsa. Cika ƙwarƙwaron ya rage saura milimita 2 ya kai leɓe. In ya cika ya tumbatsa zai riƙa zubo ƙulle-ƙulle, in ya yi ƙasa sosai jifa ba za ta yi nisa ba.

Haɗa zare biyu: jera bakunansu su haɗe da juna kamar taƙi ɗaya, kowane yana kallon inda ɗayan ya fito. Ɗauki bakin tufkakken ka lanƙwasa shi ya yi zobe a gefen zarurrukan biyu, ka zagaya bakin ta cikin zoben yana naɗe su duka sau 8, ka ja ya ɗan kama. Yi haka da bakin fulorokabon, amma sau 5. Jiƙa wurin, ka ja dogayen zarurrukan biyu, ƙullin biyu za su zamo su haɗu su cije. Yanke saura. Jiƙawar ba al'ada ba ce kawai: busasshen fulorokabon yana zafi idan aka matse shi, ya raunana a daidai ƙullin.

Ɗaura ƙugiya: ninka bakin zaren gaba kamar santimita 15, tura ninkin ta idon ƙugiya, yi ƙulli guda sako-sako da ninkakken zaren, sannan ka zura ƙugiyar gaba ɗaya ta cikin zoben da ya rage. Jiƙa, ja a hankali, bar saura milimita 3.

Sa robar a ƙugiya shi ne inda aka fi yin kuskure. Wannan halitta da baya take gudu, don haka dalmar ta wajen wutsiya take zama, hannuwan suna baya. Ɗora ƙugiyar a gefen robar tukuna, goshin dalma daidai ƙarshen wutsiya, ka ga inda lanƙwasar ƙugiya ta faɗo, ka riƙe wurin da farce. Soka tsinin a tsakiyar wutsiya cif, ka bi da shi ta tsakiyar jiki ba tare da ka ja robar ko ka dunƙule ta ba, ka fito da shi ta gadon baya a inda farcenka yake. Tura robar ta manne da dalma. Riƙe zaren ka bar ta ta rataya: in ta miƙe sak, ta yi. In ta karkace ko ta yi doro, cire ka sake, domin karkatacciya juyawa take yi a ruwa kamar farfela, ta murɗe zare, kifi kuma ya ƙi ta. Ɗigo ɗaya na gam mai kamawa nan take tsakanin dalma da roba zai hana ƙananan kifi zame ta.

Saura birkin inji, wato abin da ke sakin zare idan kifi ya ja da ƙarfi. Ƙugiyar siririya ce, tarwaɗa mai kilo 3 za ta miƙar da ita in birki ya ɗaure. Ƙa'ida ita ce zare ya fara fita idan jan ya kai kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu na ƙarfinsa. Ga awo mai sauƙi: ledar ruwan sha biyu na rabin lita kilo ɗaya ke nan. Sa su a leda guda, ɗaura a zaren kai tsaye daga inji, ba ta kan sanda ba, ka ɗaga. Ga zare mai kilo 3.6, a sassauta birki har nauyin ya riƙa jan zaren a hankali.

Lokaci da wuri

Wannan salo na ido ne kafin hanci, don haka tsabtar ruwa ita ke yanke hukunci. Tsoma kan sanda a ruwa. In kana ganinsa har zurfin kamu ɗaya ko fiye, ranarka ce, sa kore. In ya ɓace a taƙi ɗaya, sa baƙi mai shuɗi ka shafa wa robar abu mai wari. In ya ɓace da shigarsa, kamar yadda tabkuna ke zama jajawur a tsakiyar damina, mayar da robar jaka ka nemi tana, babu abin kunya a ciki.

Daga kaka, bayan ruwa ya kwanta, zuwa ƙarshen sanyi shi ne lokaci mafi kyau. A watannin Disamba da Janairu ruwa na yin sanyi da dare, kifi ya yi nauyin jiki, saboda haka sammako ba ya da amfani. Daga hantsi zuwa la'asar ya fi, kuma a tsawaita tsayawar robar a ƙasan ruwa. A bazara, Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, abin ya juya: daga asuba zuwa ƙarfe 9, sai kuma bayan la'asar sakaliya.

Nemi ƙasa mai tauri: yashi, tsakuwa, duwatsun jikin madatsa irin ta Kasama, bakin kacalla ta wajen ruwa, gefen bado, gindin itacen da ruwa ya ci, da inda marar zurfi ya gangara zuwa mai zurfi. A tabkuna irin Gidimuni da Lasuri akwai masu ruwa. Gai da sarkin ruwa ko shugaban masunta, ka tambayi inda aka shimfiɗa raga da mamari, don ƙugiyarka ba ta da abin da ta fi so kamar ragar mutane. Tambayi kuma ko an rufe tabkin a wannan lokacin. Dokar kamun kifi ta Nijar ta tanadi lasisi, kuma ma'aikatan gandun daji ne ke kula da shi. Daga gaɓa ko kwalekwale za ka tsaya. Shiga ruwan tabki da ƙafa hanyar ɗaukar tsargiya ce.

Jifa da ja

Zaɓi mafi ƙarancin nauyin da zai kai ka ƙasa. Zurfin da bai kai mita 1.5 ba, giram 1.4 zuwa 1.8. Daga nan zuwa mita 3, giram 1.8 zuwa 2.8. Giram 3.5 sai in iskar hunturu ta matsa ko zurfi ya wuce haka. Kusan kowane sabon shiga yana sa nauyi fiye da kima saboda yana son ya ji dalmar tana bugun ƙasa. Wannan jin daɗin hannu ne kawai. Mai nauyi faɗuwa take kamar dutse, ta nutse a laka, ta kwaso gansakuka. Marar nauyi saukowa take tana shawagi, kuma a wannan saukowar ake samun cizo da yawa.

Kafin jifar farko, saki robar a gabanka inda kake ganin ƙasa. Duba yadda take sauka, yadda take tsayawa, da irin ɗan motsin hannun da ke sa ta tsalle. Za ka ga motsin da kake ɗauka ƙarami ne yana ɗaga ta kamu guda.

Fara da kusa. Kifin da ke bakin gaɓa shi ake fara kamawa kafin a wurga nesa a jawo zare ta kansa. Tafi a hankali, kada inuwarka ta faɗa ruwa. Kifi na ganinka, mai jar koma. Wurga mita 10 zuwa 20, rufe marfin inji, wato ƙarfen da ke tare zare, da hannu maimakon juya hannun naɗi, ka ja zaren ya ɗan miƙe. Wannan ɗabi'a kaɗai tana kawar da yawancin cukurkuɗewar tufkakken zare.

Yanzu ido a kan zare, daidai inda ya shiga ruwa, kana ƙirgawa. Idan robar ta taɓa ƙasa zaren zai saki ya kwanta. Riƙe lissafin: in ka ƙirga shida a nan, ka ƙirga goma a can, ka gano gangara, kuma nan kifi ke tsayawa. In wurin shida ne zaren ya tsaya a uku, ba ƙasa ba ce, kifi ne.

Ta sauka, bar ta. Ƙirga biyar zuwa goma, da sanyi har ashirin. Sannan da sanda, ba da inji ba, ja ta taƙi ɗaya ko ɗaya da rabi a ƙasa, ka mayar da kan sanda, ka naɗe zaren da ya saki, ka sake tsayawa. Bayan ja biyu ko uku, ɗaga kan sanda kaɗan sau biyu a jere don ta yi ɗan tsalle ta tayar da ƙura, sai tsayawa. Zaren kada ya ɗaure tamau, kada kuma ya zube. Ya yi ɗan ciki kamar igiyar shanya. Jifa ɗaya tana cin minti ɗaya zuwa biyu. In kana gamawa cikin daƙiƙa ashirin, sauri kake yi. Wuri ɗaya jifa biyar ko shida a baje kamar mafici, babu labari, matsa gaba taku goma.

Idan ƙasan laka ce mai laushi ko gansakuka ta rufe ta, kada ka bari ta zauna. Ƙirga ƙasa da lissafin wurin da biyu, ka riƙa naɗi a hankali ƙwarai, kana ɗan karkaɗa kan sanda, kana tsayawa daƙiƙa biyu ta yi shawagi. Giwan ruwa ya fi son wannan.

Cizo kala-kala ne. Ƙwanƙwasa ƙanana a jere, ƙananan karfasa ne ke jan hannuwan robar. Kada ka fizga, ci gaba da aikinka. Bugu ɗaya mai ƙarfi, ko zare ya kama tafiya gefe, ko ka ɗaga ka ji nauyi kamar ka kamo tsumma, wannan shi ne. Naɗa har zaren ya miƙe, ka karkata sandar gefe da ja mai ɗorewa. Ban da fizgar ƙarfi irin ta mai gora da ƙatuwar ƙugiya. Tsinin siriri ne, da kansa yake shiga, fizga kuwa tsinka zaren gaba take yi. Kifi ya ja, bar birki ya yi kuka, kada ka naɗa a lokacin, don naɗi kan birki na murɗe zare. Ya tsaya, ɗaga sanda, sauke kana naɗewa. In ya nufi kacalla, kwantar da sandar ta ɗaya gefen ka juyar da kansa.

In abu ya ƙi

Yawan maƙalewa a ciyawa: koma ƙugiya mai lanƙwasa a wuya, lamba 1 ko 2, da dalma mai siffar harsashi giram 1.8 zuwa 3.5 da ke zamewa a zare. Soka tsinin milimita 5 a wutsiya ka fito, juya ƙugiyar, ka ratsa jikin, ka ɓoye tsinin a fatar bayan robar. A nan kam sai an ɗan ƙara ƙarfin ja kafin tsinin ya fito.

Laka na haɗiye robar: ɗaura ƙugiya marar dalma a zaren gaba ka bar saura santimita 30 a ƙasanta, tsini na kallon sama, ka sa dalma giram 3.5 zuwa 5 a ƙarshen. Dalma ta shiga laka, roba na rawa a samanta. Ƙananan dalma masu tsaga da filaya ake matse su, ba da haƙori ba, dalma guba ce.

Ana cizo ba a kamuwa: robar ta yi wa bakinsu girma. Yanke santimita ɗaya daga wutsiya, ko ka koma ƙugiya mafi ƙanƙanta. Gwada tsinin a farce. In ya zame bai kama ba, ya dakushe.

Tarwaɗa na kusa amma ba ta ɗauka: ita da gashin baki take farauta, wari take bi. Shafa wa robar man gwangwanin sadin kafin jifa, kana sabuntawa bayan jifa goma, ko ka maƙala guntun tana a tsinin. Hannun da ya taɓa fetur ko man babur a wanke shi kafin ya taɓa roba.

Zare ya dawo a yanke ƙat kamar da almakashi: mai yiwuwa gaiwa ce, haƙoranta ba sa barin siririn zare. Bar mata wurin. In kuwa bakin zaren ya dawo a nannaɗe kamar wutsiyar alade, ƙullinka ne ya kwance. Bayan kowane kifi, bi taƙi biyu na ƙarshen zaren da yatsu. Ka ji kaushi, yanke ka sake ɗauri.

Ƙugiya ta maƙale a dutse: kada ka ja da sanda. Saki zare, koma ta ɗaya gefen, ka ja zaren tsakanin inji da zoben farko ka sake shi kamar tsirkiyar baka, sau da yawa tana faɗowa. In dole a tsinka, naɗe zaren a guntun itace ka ja, don tufkakken zare yana yanka yatsa.

Wajen cire kifi, tarwaɗa da kurungu suna da ƙaya a fikafikan gefe, na kurungu har kullewa suke. Giwan ruwa kuma marfin kunnensa kaifi gare shi. Riƙe da jiƙaƙƙen tsumma, cire ƙugiya da filaya, ƙanana a mayar da su ruwa.

Ajiya a zafinmu sai an kula. Roba mai talewa ba ta shiri da ta gama-gari: in suka haɗu a akwati ɗaya narkewa suke su zama kamar ƙaro, har wasu akwatunan roba takan ci. Kowace ta zauna a ledar da ta zo da ita, a kwance, a inuwa, ba a ƙarƙashin sirdin babur ko cikin mota a rana ba. Ta gama-gari in ta lanƙwashe, tsoma ta a ruwan zafi daƙiƙa goma ka shimfiɗa ta a faranti ta huce, za ta miƙe. Ƙugiyar da ta jiƙe a shanya ta kafin a rufe, musamman a ruwan da ke da kanwa. Yagaggiyar roba da guntun zare kuma a zuba su aljihu a tafi da su gida, don a tabkin nan ne awaki da shanu ke shan ruwa.